Awon Hannun Baba

"Ɗauko tef ka auna mana! Tef me ya yi maka?"

"Baba bai auna da tef ba."

"Baba ya rasu, Auta. Wata biyar ke nan," in ji Yaya.

Auta bai ɗago kai ba. Yana durƙushe a tsakiyar garejin, ya shimfiɗa takardar buhun siminti a ƙasa, ya danne kusurwoyinta da sufana huɗu. A kanta Baba ya zana abin da fensirin kafinta: bututun ƙarfe biyu a jere, tun daga bakin ƙofa har teburin aiki, da keke mai ƙafa huɗu da zai riƙa tafiya a kansu. A jikin keken akwai giya biyu masu haƙora, ƙarama tana juya babba. Mutum ya murɗa mariƙi da hannu ɗaya, injin mota sukutum ya taho wurinsa salin-alin. Shekara talatin Baba yana cicciɓar inji har bayansa ya lanƙwashe, ya ce 'ya'yansa ba za su gaji wannan ba.

Sai dai babu inci ko ɗaya a zanen. Baba da hannunsa yake awo. Ya buɗe tafi, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, wannan ɗani ɗaya ke nan. Abin da ya rage ya cike da yatsu. Tsakanin bututu da bututu, ɗani huɗu. Tsakanin giya da giya, ɗani ɗaya da yatsu biyu.

Yaya ya shuri ɗaya daga cikin bututun da ke jingine a bango. "Kullum sai na yi tuntuɓe da su. Mai gidan burodi yana son ƙofa. Ko wannan abin ya hau bango kafin Asabar, ko in yayyanka su in yi masa. Na gaya maka."

"Ba za ka yanka ba."

"Sannu, injiniya! To auna da naka hannun, ai ba a cire maka ba."

"Na auna. Haƙoran giyar sun cije, sun ƙi juyawa."

"Nawa fa?"

"Naka kamar faranti. Haƙoran ko kama juna ba su yi ba."

Yaya ya dubi tafinsa, ya yi tsaki, ya ja gilashin walda kan idonsa.

Auta ya riga ya nemi hannun ko'ina. Safar hannun Baba ta saki, kowa ya sa ta yi masa. Shatin baƙin mai da ke jikin ƙofa yatsu uku ne kawai, su ma a karkace. A hoton da ke ɗakin Inna kuwa, Baba ya ɓoye hannuwansa a baya, don kunyar faratansa. Yana iya tuna nauyin hannun a ƙeyarsa, da kaushinsa, da warin kananzir. Faɗinsa ne ya kasa tunawa. Abin yana cinsa.

Da rana ta yi tsaka ya jawo akwatin da ke ƙarƙashin tebur. Giya bakwai ne a ciki, Baba ya tsinto su daga matattun motoci, ya shafe su da giris, ya naɗe a tsumma. Bai rubuta wacce da wacce ya nufa ba. Auta ya zauna yana haɗa su biyu-biyu. In haƙora suka shiga juna suka juya ba gardama, sai ya auna daga cibiya zuwa cibiya, ya cire faɗin yatsu biyu. Abin da ya rage shi ne ɗanin Baba.

Haɗi uku ne suka yi daidai. Kowanne da nasa tsawon.

Ya ja layi uku da alli a kan teburin, gajere, matsakaici, dogo. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya wanke hannu, ya fita ta ƙofar baya.

Inna tana ninke wanki a tsakar gida. Tun ranar da aka fitar da Baba ba ta taka garejin ba, ko abinci sai dai ta ajiye a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa.

"Inna, zo ki duba mini wani abu."

"Ni me na sani a ƙarafanku?"

"Ba ƙarfe ba ne."

Ta dube shi. Ta ajiye zanin da ke hannunta, ta gyara ɗankwali, ta biyo shi.

Yaya na ganinta ya kashe injin walda, ya ɗage gilashi. Ya janye wayoyi daga hanya da ƙafa, ya goge kujera da gefen rigarsa. Ba ta zauna ba. Auta ya nuna mata layukan, ya yi mata bayani a taƙaice, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Inna ta ɗora tafinta a kan dogon layin. Hannunta ko rabi da kwata bai kai ba.

"Wannan ne," ta ce. "Haka yake lokacin da aka kawo ni gidan nan. Da hannu ɗaya yake ɗaga ka, kai babban, kana tsala ihu."

Auta ya miƙa hannu zai ɗauki giyar. Ta riƙe masa wuyan hannu.

"Tsaya." Ta matsa kan na tsakiya. "Shekarar da injin babbar mota ya danne masa yatsa, ina da cikinka, Auta, bai ƙara miƙewa sosai ba. Ya dawo kamar wannan."

Yaya ya ce, "Shi ke nan, na tsakiya. Mu ɗaura."

Ba ta ji shi ba. Yatsunta sun riga sun sauka a kan gajeren. Ta shafa allin a hankali har ya fara gogewa.

"Da ciwo ya ci ƙarfinsa, yatsun duk sun tattare. Kofi ma ni nake riƙe masa. Ban san lokacin da ya yi zanen nan ba. Ɓoye mini yake yi, don kada in ce ya huta."

Yaya ya juya baya, ya shiga tattara ƙusoshin da ba su warwatse ba. A waje wata mota ta tsaya, aka danna oda sau biyu, ba wanda ya leƙa. Auta yana tsaye da ƙaramar giyar, giris na bin yatsunsa.

Inna ta dubi allin da ya maƙale a tafinta, ba ta kakkaɓe ba.

"Duka ukun nasa ne, Auta. Wanne kake so?"