Ranar da Aka Rungumi Sabater

Duk watan Yulin bara ban ci abinci ko sau ɗaya a gidana ba a ambaci sunan Wilkin Sabater ba. Maigidana Elroy da shi yake tashi a baki. Da hantsi ya buga wa amininsa Clement waya su ɗora daga inda suka tsaya jiya, da yamma kuma rediyo ta karɓa. Har na ce masa in yana so zan riƙa ajiye wa yaron faranti a tebur, tunda dai kullum yana tare da mu.

Sabater shi ne mai tsaron tsakiyar fili a ƙungiyar garinmu ta besbol, wasan da ake bugun ƙwallo da sanda. Shekara shida yana wurinmu, kwantiraginsa zai ƙare a Oktoba, kuma ko mai sayar da gyaɗa a bakin ƙofa ya san masu ƙungiyar ba za su iya riƙe shi ba. Mu kuwa a bara muna can ƙasan tebur, babu zancen kofi. Hanya biyu ta rage. Ko a yi musayarsa kafin a rufe kasuwa a ƙarshen Yuli, a karɓo matasa biyu ko uku daga wata ƙungiya. Ko a bar shi ya ƙarasa mana kakar wasa, a yi masa tayi, ya ƙi, ya tafi abinsa, mu kuma a ba mu diyyar zaɓi guda a ranar ɗibar sababbin 'yan wasa.

Elroy na goyon bayan musaya. Cewa yake yara uku da aka riga aka ga wasansu sun fi zaɓi ɗaya, lamba ta talatin da wani abu, yaron da yanzu haka yana sakandare yana fama da ƙurajen fuska. Clement kuwa cewa yake a bar mana Sabater wata biyun nan mu more, sannan mu karɓi zaɓin. Kullum sai ya tuno da wata musaya ta can baya da aka ba mu yara uku, ya lissafa su da yatsu: ɗaya ya karya gwiwar hannu, ɗaya ba a sake jin labarinsa ba, na ukun shi ya yi wa surukarsa rufin gida.

"Kuma rufin na zuba," in ji shi.

"Kai da zuciya kake lissafi, direba," Elroy zai ce. Shekara talatin Clement ya yi yana tuƙa bas ɗin gari, shi ya sa.

"Kai kuma da ƙafa, tsoho."

Shekara arba'in da ɗaya suna wannan a kujeru biyu na gefen dama a filin wasa, ni ina ta uku da jakar gyaɗa. Ban taɓa damuwa ba sai bara, don akwai abin da na sani wanda Clement bai sani ba.

A watan Fabrairu likitan ido ya zaunar da mu ya ce tsakiyar idon Elroy na mutuwa, duka biyun. Gefe-gefe yake gani, tsakiya kuwa kamar an ɗiga wa takarda mai. Ya ce zuwa bazara mai zuwa kada mu sa rai zai bambance komai a fili mai nisa. Muna fitowa Elroy ya sa na yi alkawari ba zan gaya wa Clement ba. Ya ce ba ya son a riƙa kama masa hannu a matakala.

To, haka muka yi ta yi. Littafinsa na rubuta makin wasa, wanda yake cikawa kowane wasa tun kafin mu yi aure, yana kan cinyarsa, fensir a hannunsa, ni kuma ina raɗa masa abin da ya faru kamar ina tambayarsa ko zai sha ruwa. A gida in gyara masa inda rubutu ya hau layi. Mutum ɗaya tak yake ganewa da kansa a filin. Sabater na jan safarsa har gwiwa, jajaye, yadda 'yan wasan zamanin da suke yi, sauran duk wando ya rufe musu idon sawu. In Elroy ya karkata kai kamar kaza mai kallon shaho, jan nan a kan koriyar ciyawa yana faɗowa a gefen idonsa. Sai in ji ya ce a hankali, "Ga shi can."

Shi ya sa na kasa zama. Wata safiya ina juya ƙwai na tambaye shi kai tsaye, yaran nan uku da yake ta nema, yaushe za su ƙware su iso babban filinmu? Ya ce shekara uku, huɗu. Na ce zaɓin Clement fa? Ya ce biyar, in an yi sa'a. Na ce to shi wanne zai gani a ciki? Ya yi ta shafa wa burodinsa man shanu har ya kai gefe huɗu, sannan ya ce ƙungiya ba tasa ce shi kaɗai ba, kuma mai son ƙungiya da gaske ba ya kallon wata biyu. Na kashe murhu na fita ban ruwan tumatir, ga shi na riga na ba su ruwa da asuba.

Ranar rufe kasuwa ta faɗo Alhamis, ƙarfe biyar na yamma, mu kuma muna da wasa a gida ƙarfe ɗaya. Ban taɓa ganin filin haka ba. Mutum dubu ashirin, babu mai kallon ƙwallo. Kowa kansa a waya, ya ɗago, ya leƙa rumfar 'yan wasanmu, ya koma waya. A irin wannan rana rumfar ake kallo, kowa ya sani. Ba a barin ɗan wasan da aka gama cinikinsa ya ci gaba da gudu, kada ya ji ciwo ciniki ya lalace. Sai a cire shi a tsakiyar wasa, ka ga abokansa suna rungumarsa ɗaya bayan ɗaya. In ka ga runguma, an gama, tun kafin rediyo ta faɗa.

Clement ya zo da tsohon tabaron hangen nesansa a wuya da rediyo ƙarama a aljihun riga. Duk minti biyar sai ya kawo jita-jita. An ce wata ƙungiya ta gabas ta janye. An ce a'a, ta dawo da yara biyu. An ce masu ƙungiyarmu sun ce in ba uku ba gara su riƙe shi su karɓi zaɓin. Elroy ya ce in suka yi haka matsorata ne. Clement ya ce in suka yi haka zai saya wa layinmu duka tsiran alade da burodi. Wata mata a bayanmu ta ce ta ji, kuma da albasa take so.

Ni gyaɗa nake ta ɓarewa ba na ci. Na cika cinyata da ita. Zagaye na biyu ya wuce, na uku, Sabater ya kama wata ƙwallo da gudu har ya bugi katanga, filin duka ya yi tsit sai da ya miƙe ya kaɗe wandonsa. Na raɗa wa Elroy, ya ce ya gani, kuma na yarda ya gani. Agogon allo ya ce biyu da rabi, sannan uku saura kwata. Na fara cewa a raina ƙila mu tsira. Na tashi na je bayan gida ba don ina ji ba, na dawo, na sake tashi neman ruwa.

A farkon zagaye na shida 'yan wasanmu suka fito tsaron fili. Elroy ya karkata kai dama. Ya karkata hagu. Ya cire hula ya sake karkatawa. Ni na riga na gani: wani yaro ne mai dogon wando ya ruga tsakiyar fili. Hannun Elroy ya sauka a gwiwata ya matse.

Surutu ya tashi daga kujerun da ke kusa da rumfa ya biyo layi-layi har wurinmu. Clement ya kafa tabaronsa, ya daɗe, sannan ya cire igiyar daga wuya ya ɗora wa Elroy a kan littafi.

"Ungo, tsoho. Kai ka ci. Kalli abin da ka yi wata guda kana roƙo."

Elroy ya ɗauka, ya juya shi a hannu, bai kai ido ba. Ya miƙo mini.

"Verna, me ake yi a rumfar?"

"Duba da kanka mana," in ji Clement. "Ko kunya kake ji?"

"Ba na gani, Clement."

Na kafa tabaron don kada in kalli ɗayansu. Gaskiya zan faɗa muku, ƙarya ta zo mini har bakin harshe. Na so in ce ƙafa ce ya gurɗe a katangar nan, suna duba shi, gobe zai fito. Da ya samu ko awa biyu na kwanciyar hankali. Amma mutumin nan tun Afrilu da bakina yake kallon wasa, ban taɓa ba shi abin da ba a yi ba.

Na ce masa suna rungumarsa. Ya ce wa da wa. Na lissafa masa: mai kama ƙwallo a bayan mai bugu da sanda, ɗan gajeren nan mai tsaron tushe na biyu, masu jifan ƙwallo biyu da suka taso daga can ƙarshen benci. Tsohon koci ya riƙe kansa da hannu biyu yana gaya masa wani abu a kunne. Sannan Sabater ya hau matakalar rumfa, ya ɗaga hula, ya juya ta kowane gefe. Filin duka ya miƙe. Elroy ma ya miƙe, littafin ya faɗi, ya karkata kai yana nema, amma mutane sun tare ko'ina.

"Safar fa?"

"Jajaye, har gwiwa," na ce. Sai Sabater ya shige ciki.

Muka zauna. Clement ya sunkuya ya ɗauko littafin daga cikin ɓawon gyaɗa, ya kaɗe shi, ya yi ta buɗa shafuka baya-baya. Sai ya tambaya, tun yaushe. Elroy ya ce Fabrairu.

"Ni fa na yi mamaki," in ji Clement. "Shekara arba'in littafinka cike da kuskure, bana babu ko ɗaya. Na ce tsoho ya fara hankali. Ashe Verna ce."

Ya yi tari ya ce ƙurar gyaɗa ce. Sannan ya tambayi Elroy, yana sane da wannan ya yi wata guda yana neman a tafi da mutum ɗaya da yake iya gani? Elroy ya ce ciniki mai kyau ciniki mai kyau ne. Clement ya ce bai taɓa zama kusa da mai taurin kai irinsa ba, duk da ya sha ɗaukar 'yan maye a bas ɗin ranar Asabar.

Kafin a tashi wasan rediyon aljihunsa ta faɗa. An kai Sabater wata ƙungiya a arewa, bakin tafki, an ba mu yara uku: masu jifa biyu da mai tsaron tushe na uku. Elroy ya tambayi shekarunsu. Sha tara, ashirin, sha tara. Ya gyaɗa kai ya ce an yi daidai, ya fi zaɓi ɗaya nesa ba kusa ba, ya sa ni na rubuta sunayensu a bayan littafi. Na rubuta. An cinye mu biyar da biyu, babu wanda ya kula.

A wajen ajiye motoci Clement ya tsaya yana latsa waya da babban yatsa. Ya ce ƙungiyar can tana da wasa a gida ranar Asabar da rana, tafiyar awa shida ce, biyar da rabi in shi ne a sitiyari. Elroy ya ce shi bai taɓa biyan kuɗin shiga filin wasu ba, ba kuma zai fara da tsufa ba. Clement ya ce ba da shi yake magana ba, da Verna yake, shi in ya ga dama ya zauna a mota. Muka taka har motarmu. Elroy na laluben hannun ƙofa ya ce ai ma safar ƙungiyar can ba ja ba ce.

Ruwan ɗorawa ce. Mun je. Na yi mana burodi da naman talotalo, mun tsaya sau huɗu saboda mafitsarar tsofaffi biyu. Muna zama Elroy ya ce kada wanda ya gaya masa komai. Zagayen farko ya ƙare yana ta karkata kai, rana a fuskarsa, ruwan ɗorawa kuwa ba ya fita a kan ciyawa kamar ja. Ni na zauna a kan hannuwana don kada in taɓa gwiwarsa. A zagaye na biyu aka buga wata doguwa tsakiyar fili, wani abu ya keta ciyawar da gudu, Elroy ya ɗaga fensir ya bi shi da shi har katanga.

"Ga shi can," ya ce.

Clement ya duba jadawali ya ce saura wa ƙungiyar Sabater wasa tara a gida ranakun Asabar da Lahadi kafin Oktoba, kuma har yanzu yana nan a kan bakansa, da an riƙe shi an karɓi zaɓin. Elroy ya ce ya rufe baki ya gaya masa wa ke riƙe da sanda yanzu.