Abin da ke Kuncin Yandapo

Likita na kan ɗaure jijiyar cinyar da gatari ya tsarge lokacin da na'urar auna bugun zuciya ta haukace. Bugu ɗari da sittin a minti ɗaya. Lesi, mai ba da maganin kashe zafi, ta ɗaga kai ta dubi lambar. Tsoho Yandapo da ake wa aikin dama mai ciwon zuciya ne, irin wannan gudu zai kashe shi tun kafin a gama ɗinki.

Idan kuwa ya mutu, ita ma ta mutu. Danginta ne suka sare shi da safe a rikicin gona, kuma kaf lardin Enga ba mai yarda cewa ba ita ta ƙarasa shi da gangan ba. Ga ɗansa Kepas can manne da gilashin ƙofa, adda a hannu.

Ta ƙara jini, ta duba iska. Komai daidai. Daga ƙugu zuwa ƙasa ta kashe masa jiki, don haka idonsa biyu. Sai ta lura muƙamuƙinsa na motsi a ƙarƙashin robar numfashi. Ta ɗaga. Jan yawun buai, goron ƙasar nan mai sa zuciya gudu!

"Haba Baba! Buai kake tauna a kan gadon tiyata?"

Ta cusa yatsa ta ƙwaƙulo curin, ya gantsara mata cizo da dasashi. Ta soma tura maganin rage bugu kaɗan-kaɗan. Ɗari da ashirin. Ɗari. Kukan na'urar ya yi sanyi.

A kunnen Kepas kuwa, zuciyar da ta rage gudu mutuwa take yi. Ya banke ƙofa, ya ture mai gadi ya bugu da bango.

"'Yar makasa! Ina ji kina kashe shi!"

Addar ta sauka a damtsenta. Jini ya tsartu har kan rigar likita. Ta durƙusa, amma ba ta saki sirinjin ba. Tsoho ya ga ɗansa, ya yunƙura, lambar ta sake tashi sama.

"Dubi can, sakarai!" in ji Lesi. "Duk ihun da ka yi sai ta ƙaru. Zuciyarsa ta tsufa, gudu ne zai fasa ta. In so kake ka binne shi, ƙara sara."

Kepas ya tsaya yana haki. Lambar ta riƙa sauka har tamanin. Likita ya ci gaba da ɗinki.

Lesi ta ɗauki jan curin ta jefa gaban Kepas.

"Ga abin da ya kusa kashe shi. Nemo wanda ya ba shi."

Kepas ya ƙura wa curin ido. Tsoho ba shi da haƙori ko ɗaya. Shi Kepas da kansa ya tauna masa a bayan mota a hanyar asibiti, ya sa masa a kunci don ya ƙara masa ƙarfi.

Ya dubi addar da ke hannunsa, ya rasa wanda zai sara.