Tirelar Masu Gyaran Gashi

A garin Paloma Wells da ke kudancin Texas, da kaka ta kama ba a da zance sai na bikin dawowa gida. Tsofaffin ɗaliban sakandare su cika gari, a yi jerin gwano, a buga ƙwallo, a naɗa sarauniya. Kowane kulob na makarantar da tirelarsa da mota ke ja a jerin: masu koyon noma da awakinsu, masu koyon walda, har masu koyon jinya da ba su fi cikin cokali ba. Kulob ɗaya tal ba a taɓa gani a titi ba, na masu koyon gyaran gashi.

Dalilin ma abin haushi ne. Su ke gyara kan 'yan takarar sarauniya, kyauta, a ɗakin koyon aikinsu. Suna kafa tsinken gashi na ƙarshe, 'yan matan su rataya manyan furanninsu na ƙirji masu ƙararrawa, su fice ƙil-ƙil-ƙil su hau motoci, a bar masu aikin da sharar gashi.

Marisela Treviño ce shugabar kulob ɗin bana, kuma shekararta ce ta ƙarshe. Uwarta Chelo ma a wannan ɗakin ta koyi sana'a, ta gama makaranta ba ta taɓa ganin jerin ba sai ta taga. Har yau ranar biki tana cikin shagonta tana fama da kawunan mutane. Marisela ta rantse ba za ta fita makarantar nan da tsintsiya a hannu ba.

Ta je ta sami Misis Pruitt, shugabar kwamitin iyaye, wadda ke tsara jerin kamar gadon gidansu. Matar ta saurare ta da murmushin nan da ya fi zagi ciwo. Ta ce ai aikinsu shi ne adon bikin, ba sai an gan su ba.

"To in kun hau tirela, 'yata, wa zai gyara wa yaran kai?"

Marisela ta ce ta gode. Ta fito ranta na tafasa, amma tambayar ta bi ta har gida. Wa zai gyara, gaskiya ne. Sai dai ba wanda ya ce a ina za a gyara.

Ta aro tirelar ɗaukar ciyawa wurin kawunta Beto. Malamarsu kuwa da ta ji shirin, ta ce ita ba ta ga komai ba, ta ajiye makullin ɗakin a kan tebur ta tafi shan kofi. Ranar biki 'yan takara suka zo suka zauna kamar kullum. Aka wanke musu kai, aka naɗe gashin kowacce a kan robobin naɗi, kai ya zama kamar an jera masara. Daga nan Marisela ta tafa hannu ta ce sauran aikin a waje za a ƙarasa. Kafin su gane, an kwashe kujeru da madubai an ɗaure a kan tirela, kawu Beto ya ja ta da motarsa zuwa bakin layin jerin gwanon.

Sai ga Misis Pruitt a guje, takalmi na ƙwas-ƙwas. Ta ce wannan rashin kunya ne, za ta sa a hana Marisela shiga rawar biki, za ta kai ta gaban shugaban makaranta.

"Ki kai ni, Misis Pruitt," in ji Marisela, tana riƙe da mataji. "Ba mu ƙi aiki ba. Ga kujera, ga madubi. Mai son a ƙarasa mata kai ta hau."

Masu ganga sun fara kiɗa. 'Yan takara suna tsaye cirko-cirko cikin dogayen riguna, kai duk robobi, kowacce na jiran wata ta fara. Wadda ta fara tattare riga ita ce Kendall, 'yar Misis Pruitt ta cikinta.

"Mama, ni dai ba zan zaga gari da wannan kan ba."

Ta miƙa hannu, Marisela ta jawo ta. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, ƙararrawa na ta kaɗawa.

To a al'adar garin, 'yan takara ne ke bin masu ganga, ba a taɓa sa kowa a tsakaninsu ba. Misis Pruitt da kanta ta fi kowa tsare wannan doka. Haka nan ta ɗaga hannu, fuska a murtuke, motoci masu buɗaɗɗen sama suka matsa gefe babu kowa a ciki, tirelar ciyawa ta wuce gaba.

Marisela ba ta ɗaga wa kowa hannu ba, aiki take yi, tirela na girgiza tana warware gashin Kendall. Sai da suka zo daidai shagon uwarta ta ɗago kai. Chelo na tsaye a bakin titi da almakashi a hannu, ta bar wata tsohuwa a ciki da rabin aski. Tana kuka tana dariya, ta nuna kan Kendall da almakashin.

"Ke Marisela, gefen hagu ya karkace!"

Marisela ta duba, ta ga gaskiya ne. Ta cire tsinke daga bakinta ta gyara, a gaban gari duka.