Baba Ya Gyara Dutsen Guga

Babana ba ya iya ganin abu a lalace ya wuce. Shekara da shekaru yana gyaran rediyo da fanka a ɗan shagonsa, ko agogon maƙwabta ne ya tsaya sai ya karɓo ya buɗe cikinsa, ba wanda ya roƙe shi. Da ina yi masa dariya. Yanzu na daina.

Ni tela ce, ko in ce a da. Sabon dutsen guga na saya a kwalinsa. Ko sati bai yi ba, ina cikin goge wata riga mariƙin ya yi ƙara ya kama da wuta, lantarki ya riƙe min hannun dama ƙam. Na fito daga asibiti da yatsu uku a lanƙwashe, ko almakashi ba sa riƙewa. Likita ya ce aikin tiyata zai iya miƙar da su, amma kuɗin ya fi ƙarfinmu, mu da danginmu duka.

Ƙanwar mamata ce ta haɗa ni da wata lauya, mace mai tsadar murmushi. Ta duba hannun, ta ce ba ni ce ta farko da irin wannan dutsen ya ƙona ba, kuma ba za ta karɓi komai ba sai mun ci shari'a.

"Ki kawo min shi yadda yake," ta ce. "Shi ne shaidarmu."

A sanina dutsen yana shagona inda ya faɗi. Na kira Baba ya ɗauko.

Ya iso cikin rigarsa ta fita unguwa, ya ajiye kwalin a teburin lauya yana fara'a. Dutsen sai sheƙi yake, ga sabon mariƙi, ga sabuwar waya.

"Baba, me ka yi masa?"

"Gyara shi na yi, 'yata." Ya juya ga lauya. "Ranki ya daɗe, wayar cikin siririya ce kamar zare. Mugun aiki! Duk na canza."

"Ina tsohuwar wayar da mariƙin?" in ji lauya.

"Ai na zubar tuni. Me za a yi da ƙonannen abu?"

Lauya ta cire tabarau ta murza idanu. Ta ce kamfanin zai ce an buɗe dutsen an canza kayan ciki, ƙila ma su ce Baba ne ya taɓa shi tun kafin ya ƙona ni. Ta turo mana kwalin a hankali, ta ce in yi haƙuri.

Haushinsa ya kama ni, kuma ba ni da inda zan kai shi. Ina kwance a asibiti ya zauna ya yi min abin da ya iya, ya gyara min shari'ata har ta mutu.

A motar haya ya rungume kwalin a cinya, da muka kusa gida ya juyo gare ni.

"Amma fa ba zai ƙara ƙona ki ba," ya ce. "Na gwada."

Na dubi hannun da zan riƙe dutsen da shi, na juya fuskata wajen taga.