Ƙullin Albarushin Ɗantani

"Harbi ba tsayawa nake so a taron rantsarwa, Baba," in ji Gwadabe, na hannun daman sabon ciyaman ɗin Wudil. "Soja sun koma bariki, a jiyo mu har Achika. Kai kaɗai za ka iya?"

Ɗantani maharbi ya shafa bindigar tokarsa. "A da mu uku ne, ɗaya na harbi biyu na ɗuri. Saura ni. Zan yi maka aikin ukun, ka riƙe kuɗinka. A dai kira sunan Muttaka da Sabo a lasifika."

"Matattu, Baba?"

"Ai na ji matattu ma sun jefa muku ƙuri'a."

Gwadabe ya tuntsire da dariya, suka tafa.

Labaran mai gyaran keke yana jin su ta danga. Ya san hannun maƙwabcin nasa rawa yake. Kafin ya auna albarushi ya ɗura, an tashi daga taro. Ashe tsohon ya yi dabara. Ya ɓanɓaro fastocin zaɓe daga bango, ya yayyanka, kowane harbi da ƙullinsa kamar maganin gargajiya. Ranar taro sai dai ya yage ya juye.

"Za ka tashi unguwa da mu, Baba," in ji Labaran.

"Kai dai kashe sigarinka. Wannan layin ƙullin na Muttaka ne, wannan na Sabo. Rowa gare shi, na rage masa."

Jajibirin taro Labaran bai ji tarin tsohon ba. Ya leƙa da hantsi, ya tarar da shi jingine da bango, faifai a cinya, ƙulli guda a hannu bai ɗaure ba, rai ya yi halinsa. Sahu ɗaya bai cika ba a jana'iza. Wudil duk tana wajen kafa rumfa.

Gwadabe ya tsaya gaisuwa daga kan babur.

"Sunayen fa, Alhaji?" in ji Labaran.

"Da mai rai na yi ciniki, Malam. Allah ya jiƙansa."

Gwadabe ya ci riba: 'yan acaɓa suka cika gari da busa oda, ba wanda ya tambayi bindiga. Labaran kuwa ya rasa mai tari ta danga. Ana ta luguden lasifika daga nesa ya shiga gidan, ya tsuguna gaban faifan, ya kira Muttaka, ya kira Sabo, ya kira Ɗantani. Yayyafi ya sauko, ƙulle-ƙullen suka fara jiƙewa, fuskar ciyaman da ke jikin takardun tana baƙi a hankali.