Ranar da Aka Sauke Jinka

Kwana goma sha tara wasiƙar ta yi a hanya kafin ta iso ɗakin Almu a unguwar Whitechapel, can ƙasar Turawa. A 1977 ne, lokacin da arzikin man fetur ya sa gwamnati ke watsa yara karatu waje kamar tsaba. Shi aikin safiyo, wato awon ƙasa, aka turo shi koyo.

Mahaifinsa ne ya sa malamin makaranta ya rubuta. Za a gina madatsar ruwa, kuma ruwan zai cinye ƙauyuka takwas na Gundumar Kurciya. Bakwai an yi musu alkawarin sabon mazauni da gonaki. Tasu kuwa, Tungar Nata'ala, an ce babu sunanta a littafin gunduma, saboda haka su baƙi ne, ko taku ɗaya ba za a ba su ba. A ƙarshe tsohon ya ce: "An ce takardun Turawa na farko suna can wurinku. Ka nemo mana sunanmu."

Hankalin Almu bai tashi ba, don ko yaron goye a Tunga ya san sun riga gundumar zama a wurin. A 1911, shekarar da Bature ya zo yanka ta, jinka yake ƙirgawa, kowace jinka goma a ba shi ƙato ɗaya na aikin hanyar jirgi. Waɗanda aka ɗiba a ƙauyen Rafin Gora da ke kusa da su ko rabinsu ba su dawo ba. Da kakan Almu, Nata'ala, ya ji Bature ya kusa, sai ya sa aka sauke jinkar kowane ɗaki aka kai bayan dutse, aka kora awaki, mata suka share sawu da ƙaya. Kwana uku suna kogo. Ba a ɗauki mutum ko ɗaya ba. Daga nan duk ma'aikacin da ya biyo, sai su ce masa noma kawai ya kawo su, da kaka za su tashi. Har yau ba a ɗora wa sabon ɗaki jinka a Tunga sai an yi wa Nata'ala addu'a.

Dung, abokin ɗakinsa, mutumin Jos mai aiki a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, shi ya samo musu izinin shiga gidan ajiye tsofaffin takardu.

"Ɗan sarkin ƙauye, taswirar tube ma ta gagare ka, ta 1911 za ka iya?"

"Kai dai raka ni, sarkin acca."

Aka kawo musu fayil ɗaure da zare, yana warin tsohon rumbu. Almu ya bi rubutun da yatsa a hankali. Ga Rafin Gora, jinka tamanin da huɗu. Ga sauran shida, kowanne da dagacinsa. Sai a ƙasan shafi ya ga layi biyu: arewa da dutse akwai kufai, ɗakuna kamar talatin babu rufi, babu kowa. An haɗa wurin da dajin gwamnati.

Ya karanta sau uku. Ya ga bangon ɗakin da aka haifi ubansa a cikin talatin ɗin nan.

"Wataƙila an gyara a wani fayil," in ji Dung, wannan karon ba da tsokana ba.

Sati uku suna komawa. Kowane Bature da ya zo daga baya, abin da na farko ya rubuta ya kwafa. Kufai, kufai, har zuwa shekarar da Turawa suka tafi.

A bas, ruwa na dukan gilashi, Dung ya ce, "Ɗan'uwa, ka ce wa tsohon ba ka samu ba. Me jin wannan zai ƙare shi da shi?"

Almu ya so hakan. Amma ya san ubansa. Muddin ana nema, tsohon zai zauna a ƙofar gida yana jiran mai kawo wasiƙa, ya hana kowa motsi, har ruwa ya taɓa danga.

Washegari da ya idar da sallar asuba ya ɗauko takarda. Ya jera gaisuwa, kowa da sunansa. Sannan ya rubuta: "Baba, na ga takardar. Dabarar Kaka ta ci, Bature ya yarda babu kowa, kuma haka yake a rubuce har yau. Kada ku jira ni. Ku sauke jinka tun damina ba ta faɗi ba, itacen zai yi muku amfani duk inda kuka samu wuri."

Ya liƙe ambulan, ya ɗauki kwat ɗinsa, ya sauka zuwa akwatin gidan waya.