Tamfol a Bayan Ƙofa

Ranar Litinin aka rufe famfon baƙin mai a masaƙa, aka fara hura tukunyar tururi da ƙaiƙayin shinkafa. Masu sayen atamfa ne suka ce hayaƙin na ɗumama duniya. Ƙanen Mai Tukunya, wanda yayan ne ya goya shi, shi ya kawo dabarar, aka ɗora shi kan sashen. Yayan kuwa, da ya tsufa yana murɗa famfo da yatsu biyu, aka miƙa masa shebur da tamfol: ya kwashe toka, ya rufe tsibin ƙaiƙayi kafin ya tashi daga aiki, don jiƙaƙƙe ba ya kamawa.

Gidansu na jingine da katangar masaƙar. Matar Mai Tukunya, mai ciwon asma, ta fara shanya a waje, farin kaya ya dawo fari.

"Maigida, yau ko tari ɗaya ban yi ba. Allah ya yi wa ƙanen nan naka albarka."

"Abincin jaki yake ƙonawa, sai ka ce ya ƙera jirgi."

"Ni dai abincin jakin ya yi mini rana," in ji ta, tana dariya.

Idan ƙanen ya leƙo sai ta ce, "Injiniya, sannu da aiki!" ta tsamo masa babbar tsoka. Shi kuma ya ce, "Yaya, shebur bai karya maka baya ba?"

Wata yamma hadari ya haɗo. Mai Tukunya ya tsaya gaban tsibin, tamfol a hannu, ya dubi sama. Ya ninke shi tsaf, ya ajiye bayan ƙofa, ya tafi gida. So yake kawai a daka wa Injiniya tsawa gaban jama'a.

Ruwa ya jiƙa tsibin, aka kuwa daka masa. Aka koma baƙin mai kafin ƙaiƙayi ya bushe, aka kira tsohon hannu ya murɗa famfonsa. Damina ta ƙi ɗagawa, hayaƙi ya kwanta a tsakar gida. Matar ta kwashe shanyarta, ta kwanta, daga nan sai asibiti. Ba ta dawo ba.

Ƙanen ya fi kowa kuka wurin jana'iza. Har wannan ma ya ba yayan haushi.

Abin da yayan bai taɓa gaya mata ba shi ne, tun makon farko shi ma ya ji ƙirjinta ya daina ƙugi, kuma ya ji daɗi.